Alpha 1 da Yaƙin da Ya Fi Ƙarfinsa

A fita ta uku ta wasan kwamfutar nan mai suna FreeSpace 2, ana tura matuƙi da abokan tashinsa su tare wani jirgin 'yan tawaye da ake kira Iceni, kafin ya kai ga mashigar da za ta fitar da shi daga yankin tauraron Deneb. A cikin jirgin akwai Admiral Aken Bosch, madugun tawayen da ya kwashe wata 18 yana laƙume rayuka. Da isar matuƙi fagen fama sai ya tarar an sauke shi nesa ƙwarai da inda ya kamata, jiragen da aka ce sun datse mashigar kuma babu ko ɗaya a wurin. Yana iya juya dukkan ƙarfin jirginsa zuwa ga inji, ya yi gudu iya gudu, amma ba zai cim ma Iceni ba. Yana ji yana gani jirgin zai shige mashigar ya ɓace. Daga nan sai muryar ɗaya daga cikin abokan tashinsa ta fashe a rediyo, a fusace, yana neman hedikwata ta faɗa masa wanda ya janye masu tsaron ƙofa, da kuma dalilin yin hakan. Hedikwata ba ta ba shi amsa ba. Kwaɓarsa ta yi, ta nuna masa cewa ya wuce gona da iri.

Ba abin mamaki ba ne wanda ya fara buga wasan ya ɗauka laifinsa ne, ya sake fitar sau biyu sau uku yana laluben inda ya yi sakaci. Babu sakacin. Bakin alƙalami ya riga ya bushe tun a hannun waɗanda suka tsara wasan: Bosch zai tsere, ko da wane irin gwani ne ke riƙe da sandar tuƙi. Wannan fita ta nuna halin wasan gaba ɗayansa. Yana danƙa wa matuƙi ikon kusan kome da ke cikin 'yan kilomitocin da suka kewaye shi, ya kuma hana shi ikon kome a wajensu. A cikin wannan tazara, tsakanin abin da hannunsa ke iya yi da abin da ke faruwa da yaƙin, labarin FreeSpace 2 yake zaune.

Faɗan da ake yi a irin waɗannan wasanni ba shi da wata alaƙa ta kirki da sararin samaniya na gaskiya, inda babu iskar da za ta tare jirgi ko ta ɗauki sauti, kuma abin da aka tunkuɗa zai yi ta tafiya har sai wani abu ya tsayar da shi. A cikin wasa kuwa jirgi yana da iyakar gudu, yana tsayawa idan an rage masa wuta, harbi yana ƙara, fashewa tana ruri. Wannan gadon Yaƙin Duniya na Biyu ne. Lokacin da George Lucas ke haɗa fim ɗin Star Wars na 1977, hotunan karon jiragen sama na wancan yaƙi ya sa a gaba a matsayin ma'aunin yadda jiragensa za su riƙa juyi. Lawrence Holland, wanda ya jagoranci wasan X-Wing na 1993 da TIE Fighter na 1994, sai da ya fara yin wasanni uku na jiragen Yaƙin Duniya na Biyu kafin ya ɗaga kai sama. An samu waɗanda suka yi ƙoƙarin bin dokokin Newton, kamar I-War na 1997, amma mafi yawa sun zaɓi turnuƙu irin na da, domin a nan ne ido ke ganin abokin gaba, hannu kuma ke samun abin yi.

Wanda ya yi fice wajen ɗaura wa irin wannan wasa labari shi ne Chris Roberts, da Wing Commander, wanda kamfanin Origin Systems na birnin Austin a jihar Texas ya fitar a 1990. Alƙawarin da wannan wasa ya yi wa mai buga shi a fili yake: yaƙin a hannunka yake. An tsara fitattun ayyukan kamar rassan bishiya. Idan matuƙi ya yi abin kirki a wani yanki, rundunar 'yan Adam ta matsa gaba, har ta kai ga rusa sansanin Kilrathi, wasu halittu masu kama da manyan kuliyoyi. Idan ya yi ta faɗuwa, sai a riƙa ja da baya, har jirgin da ke ɗauke da su, Tiger's Claw, ya bar yankin a guje. Tsakanin fita da fita akwai ɗakin shaƙatawa inda yake hira da sauran matuƙa, kowa da sunansa da halinsa, wanda ya mutu kuma a yi masa jana'iza a gaban ido. Zuwa 1994, a kashi na uku, labarin ya koma fim sosai, da 'yan wasa irin su Mark Hamill da Malcolm McDowell. Mai wasa shi ne jarumin, kowa kuma ya san haka.

Kamfanin Volition, da ke garin Champaign a jihar Illinois ta Amurka, ya bi wata hanya dabam. Ya fitar da FreeSpace na farko a 1998, na biyu a 1999, Interplay ne kuma ya kai su kasuwa. A na farkon, 'yan Adam da wata al'umma mai suna Vasudan suna cikin shekara ta 14 ta yaƙi da juna sai ga wasu baƙi sun faɗo musu, waɗanda aka raɗa wa suna Shivan, daga sunan Shiva na addinin Hindu, mai rusawa. Dole ta sa maƙiyan jiya suka haɗa kai. An yi nasarar tarwatsa babban jirgin baƙin, Lucifer, amma fashewarsa ta rufe hanyar komawa Duniya. Na biyun ya buɗe bayan shekara 32, da wani ƙarni na matasan da ba su taɓa ganin Duniya ba, da ƙawancen da bai gama ƙulluwa ba, da tawayen Bosch wanda ya ginu a kan ƙin jinin Vasudan. Shi kuwa mai wasa ba shi da suna, ba shi da fuska, ba ya magana. Alpha 1 ake kiransa, wato na ɗaya a rukunin Alpha, kuma sunan kujera ne, duk wanda ya zauna a kai shi ke amsa shi. Babu ɗakin hira. Daga bayanin aiki sai zaɓen jirgi da makamai, sai fita, sai rahoton dawowa.

Abin da aka rage masa a hira an ninka masa a cikin jirgi. Injin samar da wuta guda ɗaya ne, baki uku kuma ke ci daga gare shi: bindigogi, da injin tafiya, da garkuwa, wato wani kewayen ƙarfi da ke shanye harbi kafin ya taɓa jikin jirgi. Duk abin da aka ƙara wa ɗaya, daga rabon sauran biyun aka ɗebo. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Wanda zai bi jirgin da ya yi masa nisa sai ya ba inji, ya yarda cewa zai isa da garkuwar da ba ta saurin farfaɗowa. Wanda ya shiga tsakiyar turnuƙu sai ya ba bindiga da garkuwa, ya haƙura da gudu. Garkuwar ita kanta kashi huɗu ce, gaba da baya da dama da hagu, ana kuma iya kwaso ƙarfi daga sassa uku a tara a ɗaya. Mai tunkarar babban jirgi yana tarawa a gaba, da zarar ya juya zai fice sai ya mayar baya, kuma idan ya manta da wannan na daƙiƙa biyu kacal, ya gama yawo.

Harbi ma haka. Ba jikin abokin gaba ake aunawa ba, akwai wata 'yar alama da ke nuna inda zai kasance lokacin da harbin zai isa, kamar yadda maharbi ke auna gaban tsuntsu mai tashi. Makamai masu linzami iri biyu ne a taƙaice: mai bin zafi, wanda ake saki nan take amma ake saurin ruɗa shi, da wanda sai an riƙe abokin gaba a tsakiyar ido na wasu daƙiƙoƙi kafin ya kama, a daidai lokacin da wani ke bayan matuƙi yana yi masa irin abin da yake yi. Idan makamai suka ƙare ana kiran jirgin agaji, amma sai an tsaya cik kafin ya manne ya yi lodi, tsayawa cik kuwa a fagen da kowa ke harbi ba ƙaramar kasada ba ce. Ga kuma sauran rukunonin, Beta da Gamma, galibi jirage huɗu-huɗu, waɗanda yake iya ba umarni: ku far wa wancan, ku tsare wannan, ku kashe masa inji, ku kwance masa makamai, ku rufa mini baya. Kusan kowane maɓalli na allon madannai yana da aikinsa. Wanda ya saba da wasannin waya zai ga abin kamar jarabawa, kuma da gaskiyarsa, amma bayan 'yan kwanaki yatsu ke haddace shi, kai ya samu sararin yin tunanin da ya fi wannan muhimmanci.

Tunanin shi ne: wa ya kamata a fara kashewa? Yawancin ayyukan FreeSpace 2 rakiya ce da tsaro, jirgin 'yan gudun hijira ko na kaya ko wani babban jirgin yaƙi da ya ji rauni. A gefen allo akwai jerin sunayensu, kowanne da adadin lafiyar da ta rage masa cikin ɗari. Abokan gaba kan turo ƙananan jirage masu sauri da farko, su ja matuƙi nesa, ya shagala da bin su, sa'an nan masu ɗauke da bama-bamai su ɓullo ta ɗaya gefen. Sabon shiga yana bin wanda ke harbinsa, domin haka jiki ke so. Wanda ya ƙware yana ƙyale shi, ya mayar da garkuwa baya, ya jure duka, ya nufi masu bam. Idan sun riga sun saki, bam ɗin kansa ana iya harbo shi a hanya, sai dai idan ya fashe kusa girgizarsa tana iya hallaka wanda ya harbe shi. Mutum yana iya dawowa da tarin jiragen da ya kaɓo, rahoto ya gaya masa cewa ya faɗi, domin lambar da aka ba shi amana ta sauka zuwa sifili yana can yana farauta. Ba a taɓa tsayar da wasa a yi masa lacca kan sadaukarwa ba, ƙa'idar cin nasara ce ta koya masa.

Sai kuma batun girma. Sabon abin da kashi na biyu ya zo da shi shi ne igwar haske, wadda manyan jirage ke harba wa juna: a ji wani gunji yana hauhawa yayin da take ɗaukar wuta, sa'an nan wani ginshiƙin haske ya tsaga duhu ya tsaya a jikin jirgi har sai ya huda shi. Tun a fita ta farko aka nuna wa matuƙi matsayinsa. Bayan ya gama wahalar kare jiragen 'yan gudun hijirar Vasudan, sai wani jirgin 'yan tawaye mai suna Belisarius ya ɓullo a raunane, aka nemi ya miƙa wuya ya ƙi, babban jirgin Vasudan mai suna Psamtik ya raba shi da rai da harbi guda. Abin da bindigar Alpha 1 za ta kwana tana yi ba ta gama ba, an gama shi kafin ya juya kai. Daga ranar ya san shi ƙaramin alhaki ne, ƙuda a tsakanin raƙuma. Akwai ma ƙananan igwoyin haske da aka yi musamman don irinsa, waɗanda ba ruwansu da garkuwa, kai tsaye suke shiga jiki.

Amma ƙuda yana da aikin da raƙumi ba ya iyawa. Kowane babban jirgi yana da sassan da ake iya aunawa ɗaya bayan ɗaya: inji, na'urar sadarwa, na'urar hange, da kowace igwa a kan kujerarta. Matuƙi ba zai iya kashe dodon ba, amma yana iya cire masa haƙora kafin ya iso. Nan ne dabara ta haɗu da labari, kuma babu inda haɗuwar ta fi kyau kamar a tsakiyar wasan.

Wata tsohuwar ƙofa da wata al'umma da ta shuɗe ta gina, wadda aka sa wa suna Knossos, ta buɗe a yankin Gamma Draconis, ta kai ga wani makeken gajimaren ƙura da iskar gas. A cikinsa hazo ne ta ko'ina. Na'urar hange ba ta gani nesa, walƙiya tana rikita allo, wani lokacin har ta hana a tura umarni. Duk abin da matuƙi ya dogara da shi a baya an rage masa, sai ya koma sauraro da zato. A nan Shivan suka dawo. A wata fita yana rakiyar jirage biyu, Actium da Lysander, suna farautar ƙananan jiragen baƙin cikin annashuwa, ana ta raha a rediyo, sai wani jan haske ya fito daga cikin hazo ya hallaka Lysander kafin a ga mai harbin. Ravana ke nan, babban jirgin Shivan. A fita ta gaba aka ba Alpha 1 jirgin bam ya je ya gama da shi, ya kuwa gama. Rundunar ta yi murna, ta ɗauka wannan karon ita ce ke da rinjaye, domin tana da abin da ba ta da shi shekara 32 da suka wuce.

Abin shi ne Colossus, jirgi mai tsawon kilomita 6, wanda 'yan Adam da Vasudan suka shafe shekara 20 suna ginawa, mai ɗauke da mutum fiye da 30,000. An gina shi ne don kada wani Lucifer ya sake kama su ba shiri. Shi ya karya ƙashin bayan tawayen Bosch. Sai ga shi daga cikin hazo wani jirgin Shivan ya fito wanda ya yi kafaɗa da shi a girma, aka kira shi Sathanas, wato Shaiɗan, da wasu hannuwa huɗu a gaba kamar na kaguwa, kowanne da igwar haske a bakinsa. Idan suka yi gaba da gaba da haƙoransa cikakku, Colossus ba zai sha ba. Don haka aka tura Alpha 1, wanda a lokacin aka ba shi aro ga wata tawagar Vasudan, da jirgin bam da 'yan bama-bamai ƙidayayyu, ya shiga tsakanin hannuwan nan ya lalata aƙalla biyu daga cikin igwoyin kafin dodon ya wuce. Lokaci kaɗan ne, kowane bam sai an daɗe ana riƙe da shi kafin ya kama, ana kuma yi masa ruwan wuta ta ko'ina. Abin da ya bari bai lalata ba, shi zai tarar a fita ta gaba yana cin jikin Colossus. A ƙarshe Colossus ya matsa wa igwoyinsa har suka nemi narkewa, Sathanas ya tarwatse. Wannan ita ce sa'ar da mai wasa ya fi jin cewa hannunsa ya taɓa tarihi, kuma da hujja, domin ya taɓa ɗin.

Ba a bar shi ya daɗe da wannan jin ba. Bayan 'yan fitoci, a bakin wata ƙofar ta biyu a cikin hazo, wani Sathanas ɗin ya ɓullo ya kashe Psamtik, jirgin da ya burge shi a ranar farko, wanda daga baya ya zama gidansa. Daga nan aka gano na uku, da na tara, har lissafi ya haura 80. Duk abin da ƙawancen ya tara na shekara 20 ya ƙare ne wajen kayar da guda ɗaya, shi ma da ƙyar da jiɓin goshi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, balle idan kowane ɗaya daga cikin masu yawan shi ma sarkin ƙarfi ne. Abin lura a nan shi ne yadda aka isar da wannan labari. Mai wasa ya san nauyin Sathanas guda a cikin yatsunsa, ya san sau nawa ya mutu kafin ya cire igwa biyu. Da aka ce masa 80, ba ya bukatar wani ya yi masa bayanin ma'anarsa, shi da kansa ya yi lissafin. Da a fim aka nuna masa, da lamba ce kawai.

Shivan ba su taɓa furta kalma ɗaya ba a duk tsawon wasan. Ba su nemi ƙasa ba, ba su gindaya sharaɗi ba, ba su da sarkin da zai fito ya yi barazana. Mutum ɗaya ne ya yi ƙoƙarin yi musu magana, shi ne Bosch. A wasu gajerun fitowa tsakanin babi da babi ana jin muryarsa yana karanta littafin ajiyarsa, kuma a nan ake gane cewa ƙin jinin Vasudan da ya tara dubban matasa a kai lulluɓi ne kawai. Ainihin abin da yake nema shi ne wata na'ura mai suna ETAK, ta sadarwa da baƙin, domin ya yi imani cewa ba a cin su da yaƙi. Shi ya sa aka buɗe Knossos. Alamu kuma suna nuna cewa manyan ƙawancen sun san da na'urar, suna kwaɗayinta, wanda ke mayar da hankali ga masu tsaron ƙofar da aka janye a Deneb. Na'urar ta yi aiki, Shivan suka zo suka hau Iceni, suka kashe mafi yawan mutanen ciki, suka tafi da Bosch da wasu 'yan kaɗan. Ko baƙunci aka kai shi ko yanka, wasan bai faɗa ba. Alpha 1 bai taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba.

Wannan tsari yana da aibinsa, kuma bai kamata a rufe ido a kai ba. Akwai rashin adalci a cikin sa mutum ya yi gumi a kan abin da aka riga aka yanke, kuma wani lokacin ɗinkin yana fitowa fili: jirgin da aka ƙaddara zai tsira ba ya mutuwa kome aka zuba masa, wanda aka ƙaddara zai mutu kuma ba ya cetuwa. Mai wasan da ya gane haka yana iya jin an mayar da shi ɗan kallo mai riƙe da sanda, yana aikin baban giwa. Abokan tashi ma ba su da wata daraja a zuciya. Alpha 2 ya mutu yau, gobe wani Alpha 2 ya zauna a gurbinsa da murya iri ɗaya, babu jana'iza, babu mai tambaya. A wannan fanni Wing Commander ya fi shi nesa ba kusa ba. Sai dai abin mamaki, alhinin da aka hana wa mutane ya koma kan jirage. Psamtik, da Aquitaine inda matuƙi ya fara aiki, da Colossus, su ne masu suna da tarihi, su ne ya kwana yana karewa, mutuwarsu ce kuma ke zafi. Akwai ma wata ƙa'ida ƙarama da ta dace da ruhin abin, ko da gangan aka yi ta ko don sauƙaƙawa: wanda ya faɗi fita ɗaya sau biyar ana ba shi damar tsallake ta. Yaƙin yana ci gaba ko da shi ko ba shi.

Babin ƙarshe ba na neman nasara ba ne. Rundunar Sathanas ta taru ta kewaye tauraron Capella tana yi masa wani abu da babu wanda ya fahimta, yankin kuma cike yake da miliyoyin fararen hula. Shawarar da aka yanke ita ce a kwashe mutane, sa'an nan a rusa mashigai biyun da suka haɗa Capella da sauran yankuna, ta hanyar cika tsofaffin manyan jirage da bama-bamai a fasa su a ciki, wato a maimaita da gangan abin da ya raba su da Duniya bisa tsautsayi. Aka ajiye Colossus a wani gefe don ya ɗauke hankalin baƙin, Sathanas guda ya zo ya narkar da shi a gaban idon matuƙi, babu abin da zai iya yi. Ya raka jirgin Bastion har ya rufe mashigar Epsilon Pegasi. Saura ta Vega.

A fita ta ƙarshe aikin da aka ba shi shi ne wanda ya fara da shi a ranar farko: ayarin jiragen 'yan gudun hijira, jerin sunaye a gefen allo, masu bam suna ɓullowa ta ko'ina. Duk abin da wasan ya koya masa yana ce masa ya tsaya kusa da na baya, mafi rauni, mafi nisa da ƙofa. Ana cikin haka hedikwata ta sanar cewa tauraron zai fashe, kowa ya nufi mashiga. Lokacin da aka bayar ba ya isar wanda ya yi nisa. Matuƙin da ya yi aikinsa yadda aka hore shi, shi ne wanda hasken zai riska a hanya, wanda kuma ya raɓe kusa da ƙofa shi ne zai fita. Wasan yana karɓar duka biyun a matsayin ƙarshe, ba ya cewa a sake. Ana nuna Capella tana fashewa, wasu daga cikin jiragen Sathanas suna shigewa wani wuri da ba a sani ba, wasu suna tsayawa wutar ta cinye su tare da kowa, sa'an nan Admiral Petrarch na Aquitaine ya yi jawabin rufewa, wanda ke ɗan sauyawa idan matuƙin bai fito ba.

Masu sharhi sun yaba wa FreeSpace 2 ƙwarai, amma bai samu kasuwa ba. Ya fito a lokacin da sandar tuƙi ke barin teburan masu kwamfuta, wasannin harbi da linzamin kwamfuta suna karɓe fage, manyan kamfanoni kuma suka daɗe ba su sake zuba kuɗi a irinsa ba. A 2000 kamfanin THQ ya sayi Volition, haƙƙin sunan wasan kuwa ya tsaya a hannun Interplay, don haka masu labarin suka rabu da labarinsu. A 2002 Volition ya saki asalin rubutun manhajar ga jama'a, masu sha'awa suka ɗauka suka yi ta gyara ta da sunan FreeSpace Open, suna sabunta hotuna, suna rubuta nasu yaƙoƙin da na'urar tsara fita da aka haɗo da wasan tun farko. Da yawa daga cikinsu ƙoƙari ne na amsa tambayoyin da aka bari: me ya sa aka fasa Capella, ina jiragen suka tafi, me ya sami Bosch. Kashi na uku bai taɓa fitowa ba, kuma a 2023 aka rufe Volition.